Darasi: Bin Diddigin Matsalar Sadarwa Tsakanin Sikirif da 'Ya'yansa

Sikirif ƙaramar manhaja ce da ake rubutawa da Bash, Python, Perl ko makamantansu domin haɗa ayyuka da yawa wuri ɗaya. Yawanci sikirif ba ya yin babban aikin da kansa, kiran wasu manhajoji yake yi: ya sa ffmpeg ya sauya fayil ɗin sauti, ya sa grep ya tace layuka, ya sa ssh ya shiga wata kwamfuta. Duk lokacin da aka yi irin wannan kira, tsarin aikin kwamfutar yana buɗe sabon aiki mai gudana, mai lambarsa da ƙwaƙwalwarsa daban. Manhajar da ta yi kiran ita ce uwa, aikin da aka buɗe kuma shi ne ɗa.

Uwa ba ta ganin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗa, shi ma ba ya ganin nata. Duk abin da zai wuce tsakaninsu sai ya bi ta ƴan hanyoyi ƙididdigaggu, kuma a kan waɗannan hanyoyin ne matsala ta fi zama. Sau da yawa uwa lafiyarta ƙalau, ɗa ma idan aka gwada shi shi kaɗai a tagar umarni yana aiki sumul, amma da an haɗa su sai sikirif ya tsaya cak, ko amsa ta makara, ko haruffa su fito a hargitse, ko a ce an yi nasara alhali babu abin da aka yi. Misalan darasin daga Linux da Python da Bash suke, amma tushen abin ɗaya ne a macOS da sauran dangin Unix, kuma mafi yawansa ya shafi Windows.

Hanyoyin da ke tsakanin uwa da ɗa

A Unix, haihuwar ɗa mataki biyu ce. Kiran fork yana yin kwafin uwa, sannan kwafin ya kira exec ya sauya kansa zuwa manhajar da ake so. A lokacin ne ɗa yake karɓar abubuwan da ake ba shi sau ɗaya tak: kalmomin umarnin da aka kira shi da su, jerin bayanan muhalli irin su PATH da LANG, da babban fayil ɗin da zai fara aiki a cikinsa. Kwafi ne yake samu, don haka idan ɗa ya yi cd ko ya sauya PATH, uwa tana nan yadda take.

Bayan wannan akwai ƙofofi uku da kowane aiki ke tashi da su a buɗe, kowacce da lambarta. Lamba 0 ita ce stdin, inda bayani ke shigowa. Lamba 1 ita ce stdout, inda sakamako ke fita. Lamba 2 ita ce stderr, wadda aka ware wa saƙonnin kuskure da rahoton ci gaban aiki. Idan uwa ba ta ce komai ba, ɗa zai gaji ƙofofinta, ya riƙa rubutu a allon da take rubutu. Idan kuwa tana son ta riƙe abin da ya faɗa, sai ta haɗa ƙofarsa da bututu.

Bututu ya shigo Unix a 1973, lokacin da Ken Thompson ya aiwatar da shawarar da Douglas McIlroy ya daɗe yana kawowa a Bell Labs. Hanya ce mai baki biyu, bakin zubawa da bakin ɗiba, kuma bayani yana tafiya gefe ɗaya ne kawai. Dokokinsa ba su da yawa, amma wanda bai riƙe su ba zai daɗe yana kame-kame. Mai ɗiba idan ya tarar da bututu babu komai, zai jira. Mai zubawa idan ya tarar ya cika, shi ma zai jira. Mai ɗiba ba zai san bayani ya ƙare ba sai an rufe duk wani bakin zubawa da ke buɗe. Mai zubawa kuma idan babu sauran mai ɗiba, za a aiko masa da siginar SIGPIPE. Ragowar hanyoyin biyu su ne sigina, wadda ake tsayar da aiki ko kashe shi da ita, da lambar fita, wadda ɗa ke bar wa uwa idan ya gama.

Cirko-cirko a bakin bututu

Bututu yana da iyaka. A Linux, tun daga fitowar 2.6.11 a 2005, yana ɗaukar bayit 65,536 a yawancin kwamfutoci. Kafin nan bayit 4,096 ne kawai. Wannan iyakar ce ke haifar da matsalar da ta fi kowacce wahalar da masu koyo, domin ba ta bayyana a ƙaramin gwaji.

A ɗauki sikirif ɗin Python da ke sauya fayilolin sauti da ffmpeg:

    p = subprocess.Popen(umarni, stdout=subprocess.PIPE, stderr=subprocess.PIPE)
    sakamako = p.stdout.read()
    kuskure = p.stderr.read()

A ido babu laifi. Uwa ta ce za ta karanta stdout har ƙarshe, sannan ta koma kan stderr. Amma ffmpeg a stderr yake zuba rahoton ci gabansa, kuma ba ya fasawa muddin aiki na tafiya. Idan fayil ɗin gajere ne, rahoton ba ya kai cika bututu, ffmpeg ya gama, ya rufe ƙofofinsa, komai ya wuce lafiya. Ranar da aka ba shi dogon aiki, bututun stderr zai cika, ffmpeg ya tsaya yana jiran a kwashe. Uwa kuwa tana bakin stdout tana jiran ya gama. Kowa yana jiran ɗan'uwansa, babu saƙon kuskure, babu alamar aiki a injin, kuma haka za su kwana idan ba a taɓa su ba. Irin wannan ne ke faruwa idan uwa ta kira p.wait() ba tare da ta karanta bututun da ta buɗe ba, ko kuma ta dage tana tura wa ɗa bayani mai yawa ta stdin alhali shi ya cika stdout yana jiranta.

Alamar da ake gane shi da ita: yana aiki da ƙaramin bayani, yana maƙalewa da babba. Duk sikirif ɗin da ya nuna wannan hali, bututu ne abin tuhuma na farko.

Maganin shi ne a riƙa kwashe dukkan bututun a lokaci guda. Wannan ne aikin p.communicate(), wanda ke tura abin da za a tura, ya karanta stdout da stderr tare, sannan ya jira ɗa ya fita. Shi ma subprocess.run, da ya shigo a Python 3.5, da shi yake aiki a ciki. Sai dai communicate yana tara komai a ƙwaƙwalwa, don haka bai dace da sakamako mai girman gaske ba. A irin wannan hali gara a karkatar da ƙofa ɗaya zuwa fayil, ko a haɗe biyun da stderr=subprocess.STDOUT a karanta su layi-layi, ko a ba kowane bututu zaren karatu nasa. Abin da ba a buƙata kuma a aika shi subprocess.DEVNULL. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada a buɗe bututun da ba za a karanta ba.

Amsar da ta makara

Matsala ta biyu tana kama da ta farko a waje, amma asalinta daban. A nan bututu bai cika ba, bayanin ne bai ma shiga cikinsa ba tukuna.

Rubutu zuwa tsarin aiki yana da tsada, don haka laburaren harshen C, da Python da sauransu, ba sa tura kowane harafi nan take. Suna tarawa a wani rumbu da ke cikin ƙwaƙwalwar manhajar. Yadda ake sakin abin da ke rumbun ya danganta da inda stdout ta nufa. Idan tagar umarni ce, ana saki a ƙarshen kowane layi, domin mutum na zaune yana kallo. Idan bututu ne ko fayil, ba a saki sai rumbun ya cika, wato sai dubban bayit sun taru, ko manhajar ta fita. Kamar motar haya ce a tasha: fasinja ya shiga tun da safe, amma direba ba zai tashi ba sai kujeru sun cika. Ita stderr a harshen C ba a tara mata komai, nan take take fita.

Shi ya sa manhaja ɗaya take nuna hali biyu. Wannan umarni yana nuna layuka da zarar sun faɗo:

    tail -f rajista.log | grep ERROR

Amma da an ƙara masa | tee kwafi.txt a ƙarshe, sai a ji shiru na dogon lokaci, domin yanzu grep bututu yake gani a gabansa ba allo ba. Zaɓin --line-buffered yana mayar da shi sakin layi-layi. Manhajoji da yawa suna da irin nasu: sed yana da -u, Python yana da -u da PYTHONUNBUFFERED, kuma print yana karɓar flush=True. Ga manhajar da ba ta da zaɓi, akwai stdbuf na GNU, kamar a stdbuf -oL, amma yana tasiri ne kawai a kan manhajar da ke amfani da laburaren C na gama-gari kuma ba ta tsara rumbunta da kanta ba.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a nan. Mai rubuta sikirif yakan sa bufsize=0 ko bufsize=1 a Popen yana zaton ya gyara ɗa. Wannan zaɓi rumbun uwa kaɗai ya shafa. Rumbun ɗa yana cikin ƙwaƙwalwar ɗa, uwa ba ta da hannu a kansa.

Abin ya fi tsanani idan hira ake yi, wato uwa ta aika tambaya, ta jira amsa, ta sake aikawa. Idan ta rubuta tambayar ba ta kira flush ba, tambayar tana rumbunta, ɗa bai ji komai ba. Idan ta manta alamar ƙarshen layi, ɗa ya ji amma yana jiran ta ƙarasa. Idan duka biyun sun yi daidai, amsar ɗa na iya maƙalewa a nasa rumbun. Ga manhajar da aka gina domin hira da mutum, hanyar da ta fi inganci ita ce a ba ta tagar umarni ta kwaikwayo, wadda ake kira pty, ta yadda za ta ɗauka da mutum take magana. Don wannan aiki ne Don Libes ya rubuta Expect a 1990, kuma pexpect na Python tafarkinsa ya bi. Haka nan ssh da sudo ba daga stdin suke karɓar kalmar sirri ba idan ba a umarce su ba, kai tsaye suke zuwa /dev/tty, shi ya sa tura musu ita ta bututu ba ya aiki. Ga ssh dai, mafita ta gaskiya ita ce a koma shiga da makulli, a daina saka kalmar sirri cikin sikirif.

Rumbu yana kuma ɓatar da mai bincike ta hanya biyu. Idan aka haɗa stdout da stderr a fayil ɗaya da 2>&1, saƙon kuskure kan bayyana a sama da layukan da suka riga shi faruwa, tunda shi ba ya jira. Sannan idan ɗa ya faɗi ba zato, ko aka kashe shi da SIGKILL, abin da ke rumbunsa ya tafi ke nan. Layin ƙarshe da aka gani a rajista ba lalle ne ya zama aikin ƙarshe da ya yi ba, kuma wanda ya dogara da shi zai nemi kuskure a inda babu shi. Saƙonnin bincike a stderr ya kamata a rubuta su.

Ƙarshen da bai zo ba

Manhajoji irin su sort da wc ba sa fitar da sakamako sai sun ga ƙarshen abin da aka ba su. Ƙarshen bayani a bututu ba wani harafi ba ne da ake aikawa. Rufe bakin zubawa ne. Uwar da ta tura wa sort layuka dubu ta zauna jiran amsa ba tare da ta kira p.stdin.close() ba, za ta yi ta jira.

Rufe baki ɗaya ma ba ya isa idan wani yana riƙe da kwafinsa. Tunda ɗa yana gadon ƙofofin uwa, jika ma yana gadon na ɗa. A ce ɗa ya tayar da wani aiki a bayan fage, sannan ya fita. Ɗa ya tafi, amma jikan yana riƙe da stdout ɗin da ya gada, don haka uwa ba za ta ga ƙarshe ba sai shi ma ya fita. Wannan ne ke sa sikirif ɗin da ke tayar da sabar ya maƙale alhali sabar ta tashi lafiya. Gyaran shi ne a karkatar da ƙofofin jikan zuwa fayil ko /dev/null tun wajen tayar da shi. Python ya rage wani ɓangare na wannan matsala: tun daga 3.2, subprocess yana rufe wa ɗa duk ƙofofin da suka wuce ukun farko sai dai in an ce kada ya yi. Amma ukun farkon suna nan ana gadonsu.

Batun jika yana sake tasowa wajen ƙayyade lokaci. Idan aka kira communicate(timeout=30) lokaci ya cika, Python yana jefa TimeoutExpired amma ba ya kashe ɗa; uwa ce za ta kira kill, sannan ta sake kiran communicate domin ta kwashe ragowar. To idan da shell=True aka tayar da umarnin, mai yiwuwa ɗan da aka kashe shel ne kawai, wato mai fassara umarni irin Bash, ainihin manhajar tana nan da rai a matsayin jika, riƙe da bututu. Sai kira na biyun ya maƙale. Hanyar fita ita ce a tayar da ɗa da start_new_session=True, in ya so a kashe rukunin gaba ɗaya da os.killpg.

Gadon stdin yana da nasa tarko a Bash:

    while read suna; do
        ssh "$suna" uptime
    done < jerin_kwamfutoci.txt

Jerin yana da sunaye goma, amma zagayen sau ɗaya yake yi ya tsaya. Dalili shi ne ssh ya gaji stdin ɗin zagayen, ya kwashe ragowar layukan ya tura su can nesa. Idan read ya dawo, ba ya tarar da komai. Ana hana shi da ssh -n, ko a ƙara < /dev/null. Shi ma ffmpeg yana sauraron stdin domin umarnin madannai, don haka a cikin irin wannan zagaye yakan cinye haruffa daga sunayen fayiloli, sai a riƙa ganin ƙorafin cewa babu wani fayil mai guntun suna. Zaɓin -nostdin ne maganinsa.

Dangin wannan akwai ɓatan ƙidaya. Idan aka rubuta cat jeri.txt | while read layi, Bash yana gudanar da zagayen a cikin ɗa, don haka duk abin da aka ƙirga a ciki ya mutu tare da ɗan, uwa ta ga sifili. Karkatar da fayil ɗin ta bayan done, kamar a misalin sama, yana barin zagayen a jikin uwa.

Abin da lambar fita ke faɗa

Ɗa idan ya gama yana barin lamba tsakanin 0 da 255. Sifili nasara ce, sauran kuma kowace manhaja da ma'anar da ta ba su. Ba kowace lambar da ta wuce sifili ce kuskure ba: grep yana ba da 1 idan bai sami abin da ake nema ba, 2 idan matsala ta faru, shi kuma diff yana ba da 1 idan fayilolin sun bambanta. Shel yana da nasa lambobi. 127 na nufin ba a sami umarnin ba, 126 an same shi amma ba a iya gudanar da shi ba. Idan sigina ce ta kashe ɗa, Bash yana ba da 128 a tara da lambar siginar: 130 ga wanda aka tsayar da Ctrl-C, 143 ga SIGTERM, 137 ga SIGKILL. Ganin 137 ba tare da wani ya kashe aikin da hannu ba yakan nuna ƙwaƙwalwa ce ta ƙare Linux ya kashe shi, kuma ana tabbatarwa a dmesg. Python kuwa lamba mai alamar ragi yake nunawa, wato -9 a maimakon 137.

Babban haɗari shi ne rashin dubawa. subprocess.run ba ya ƙorafi idan ɗa ya gaza sai an ba shi check=True. A Bash, lambar jerin bututu ta umarnin ƙarshe ce kawai:

    pg_dump rumbun_bayanai | gzip > ajiya.gz

Idan pg_dump ya kasa shiga, gzip zai matse babu, ya fita da sifili, sikirif ya ce an yi ajiya. Ba za a gane ba sai ranar da ake buƙatar ajiyar, kuma ranar ba ta gyaruwa. Sa set -o pipefail a saman sikirif yana sa gazawar kowane ɓangare ta bayyana, shi kuma PIPESTATUS yana riƙe da lambar kowanne daban. Sai a lura cewa pipefail yana fito da wani abu da a da yake ɓoye: a yes | head -n 1, head yana ɗaukar layinsa ya fita, SIGPIPE mai lamba 13 ta kashe yes, jerin ya ba da 141. Wannan mutuwa ce ta al'ada, ba matsala ba. A Python, uwar da ta rubuta wa ɗan da ya riga ya mutu tana samun BrokenPipeError, kuma saƙon sakamako ne kawai. Sanadin yana cikin stderr ɗin ɗa da lambar fitarsa, can ya kamata a duba.

Ɗan da ya mutu uwa ba ta karɓi lambarsa ba yana zama a jerin ayyuka da alamar Z da kalmar defunct. Ba ya cin ƙwaƙwalwar a zo a gani, kuma kill ba ya taɓa shi tunda ya riga ya mutu, amma yana riƙe da gurbi. Tarinsu shaida ce cewa uwa ba ta kiran wait.

Muhalli, sunayen fayil da haruffa

Sikirif ɗin da ke aiki a hannu ya ƙi aiki a ƙarƙashin cron, mai gudanar da ayyuka bisa jadawali, kusan kullum muhalli ne ya bambanta. PATH ɗin da cron ke bayarwa gajere ne, galibi /usr/bin da /bin kaɗai, babu tagar umarni, kuma aikin yana farawa daga gidan mai asusun, ba daga inda sikirif yake ba. Sa aikin ya rubuta sakamakon env da pwd a fayil, a kwatanta da na tagar umarni, yana warware yawancin wannan cikin minti kaɗan.

Sunan fayil mai tazara a ciki, kamar "wa'azin juma'a.mp3", yana tarwatsewa idan aka liƙa shi cikin dogon umarni aka miƙa wa shel, domin tazarar da ba a ɗaure ba kan raba suna biyu, alamar ɗauri kuma kan rikita shel. Ba Popen jerin kalmomi daban-daban ba tare da shell=True ba yana kawar da wannan, yana kuma toshe ƙofar da mugu zai cusa umarni ta cikin suna.

Bututu bayit yake ɗauka, bai san harafi ba, kuma wannan ya shafi mai aiki da rubutun Hausa kai tsaye. A tsarin UTF-8, kowanne daga cikin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ bayit biyu ne. Idan ɗa ya rubuta da UTF-8, uwa kuma ta karanta da cp1252, wanda Python kan ɗauka a Windows ɗin da aka saita da Turanci, sai "ƙasa" ta fito "Æ™asa", ɗ kuma ta zama "É—". Ta ɗaya gefen, ɗan Python da ke ƙoƙarin rubuta ƙ da cp1252 zai faɗi da UnicodeEncodeError, domin babu harafin a tsarin. Uwa ta faɗi encoding="utf-8" ƙarara, ɗa kuma idan na Python ne a sa masa PYTHONUTF8=1 ko PYTHONIOENCODING a muhallinsa. Akwai wani nau'in da ya fi wuyar kamawa. Uwar da ke ɗibar bayit 1,024 a kowane karo tana fassara kowane yanki shi kaɗai, wata rana yankan zai faɗa tsakiyar ɗ, rabi a wannan yanki rabi a na gaba. Kuskuren jefi-jefi yake zuwa, kuma ba ya taɓa fitowa idan da rubutun Turanci zalla aka yi gwaji. Barin subprocess ya yi fassarar da kansa, ko tara bayit har ƙarshen layi kafin a fassara, yana hana shi.

Leƙa aikin da ya maƙale

Idan sikirif ya tsaya, abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne Ctrl-C, sannan a shiga sauya layuka bisa zato. Wannan asarar shaida ce. Aikin da ya maƙale yana nan tsaye a daidai wurin da matsalar take, kuma Linux yana ba da damar a dube shi a haka. Sai a bar shi, a buɗe wata taga.

Tambaya ta farko: su wa ke raye? pstree -p yana nuna uwa da 'ya'ya da jikoki da lambobinsu. Umarnin ps -o pid,ppid,stat,wchan,cmd yana ƙara halin kowanne: R yana aiki, S yana barcin jira, Z ya mutu, T an dakatar da shi. Idan ɗa yana R yana cin injin, ba sadarwa ba ce matsalar, lissafinsa ne bai ƙare ba. Idan duka suna S, jira ne, sai a nemi abin da ake jira.

Tambaya ta biyu: wa ke riƙe da wane baki? ls -l /proc/4312/fd, idan 4312 ce lambar aikin, yana jera ƙofofinsa. Bututu yana fitowa kamar pipe:[88231], kuma lambar da ke ciki iri ɗaya ce a duk wanda ke riƙe da wannan bututun. Da ita ake gano jikan da ya hana ƙarshe zuwa. Umarnin lsof ma yana nuna hakan.

Tambaya ta uku: me kowanne ke yi yanzu? strace -p da lambar aiki, wanda sau da yawa sai da sudo, yana nuna kiran da aikin ya tsaya a kansa. A misalin ffmpeg, uwa za ta nuna read(3, a buɗe ba a ƙarasa ba, ɗa kuma write(2, shi ma a buɗe. Layuka biyun nan sun gama bayani: ita tana jiran stdout, shi yana jiran a kwashe stderr. Idan duka biyun read suke nunawa, to rumbu ne ko bakin da ba a rufe ba. Domin ganin hirar tun daga farko, ana tayar da sikirif ɗin a ƙarƙashin strace -f -e trace=execve,read,write -s 200 -o bincike.txt. Zaɓin -f yana bin 'ya'ya, -s yana tsawaita abin da ake nunawa na kowane rubutu, layin execve kuma yana nuna ainihin kalmomin da ɗa ya karɓa bayan shel ya gama yanka su. Ga sikirif ɗin Bash, bash -x yana buga kowane umarni kafin ya gudana. A Windows, Process Explorer da Process Monitor na Sysinternals ne ke cike wannan gurbi.

Idan har yanzu ba a tabbatar da wanda ke da laifi ba, sai a raba su. A maye gurbin ɗa da cat, wanda ke mayar da duk abin da aka ba shi, a ga ko uwa tana aika abin da ake zato. Sannan a gudanar da ɗa shi kaɗai, amma ba a allo ba: a ba shi bayani daga fayil, a ƙara | cat a bayansa domin ya ga bututu kamar yadda zai gani a hannun uwa.

Aikin gwaji

A rubuta ɗa da Python wanda zai zuba harafin "a" sau 60,000 a stderr, sannan ya buga layi ɗaya a stdout. A rubuta uwa da za ta buɗe masa bututu biyu, ta karanta stdout kaɗai, ta kira wait. A gudanar, a tabbatar ya wuce. Sai a mayar da adadin 70,000 a sake gudanarwa. Idan ya maƙale, kada a kashe shi: a nemo lambobin ayyukan biyu da pstree, a kwatanta bututunsu a /proc, a rubuta kiran da strace ya nuna a kan kowanne. Bayan nan a gyara uwar ta hanya biyu, da communicate da kuma haɗe stderr cikin stdout, a lura da yadda sakamakon ya bambanta.